Shawara: Kuɗin Yaya ne ke shiga akawun ɗina, ga shi maganar haraji ta taso

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta a nan Zariya, albashina dubu 150 a wata, ana cire min dubu 10 na fansho sannan ana cire wani abu wai na haraji. Bayan haka ina ɗan taɓa sana'a ta WhatsApp, atamfa da leshi da turaren wuta, ribar shekara in na lissafa ba ta wuce dubu 600. Akwai kuma gidan da Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana a Tudun Wada da 'yan haya a ciki, kasona dubu 120 ne a shekara.

Matsalar ita ce babban Yayanmu yana harkar hatsi, yana saro masara da waken suya a kasuwar Giwa yana tura wa mutanensa Kudu. Shekara uku da suka wuce akawun ɗinsa ya samu matsala, sunan BVN da na NIN ba su zo ɗaya ba, sai ya ce a riƙa turowa ta nawa kafin ya gyara, har yau bai gyara ba. Bara kaɗai abun da ya shiga ya fita ya kai miliyan 15 kuma ko sisi ba nawa a ciki. Yanzu na je neman takardar filina an ce in kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku, ga shi ana ta yaɗawa a guruf wai da sabuwar doka duk kuɗin da ya shiga akawun ɗin mutum sai an cire haraji. Yaya ya ce kar in kuskura in je ofishin haraji in tona masa asiri, yana da ejan da zai fito min da takarda a kan dubu 40. Maigida kuma ya ce in rufe akawun ɗin gobe-goben nan in ba haka ba babu ruwansa. Anti, Yaya ne ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya biya min NCE, shi ya yi min kayan ɗaki, kuma Hajiyarmu da ta ji mun samu saɓani hawan jininta ke tashi. Wallahi bana iya bacci. Ya zan yi?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba ya ba Hajiya lafiya. Na karanta saƙonki a natse, kuma abun da na lura shi ne harajin da ke hana ki bacci shi ne ƙaramin abu a cikin maganar nan, wanda ya fi nauyi shi ne an saka ki tsakanin mutum biyu da kowannensu yake da hakki a kanki, kowa yana ba ki umarni kuma babu wanda ya zauna ya tambaye ki ke me kike tsoro. Toh ki kwantar da hankalinki, ba ki ci kuɗin kowa ba, ba ki yi wani abun kunya ba, taimako kika yi wa ɗan'uwanki ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka yi alkawari. Abun yana da gyara, amma gyaran sai kin taka da ƙafarki.

Bari mu fara sauke wancan labarin na guruf domin shi ya fi tada miki hankali. Gaskiya ne an yi sabbin dokokin haraji, Shugaba Tinubu ya sa musu hannu a watan Yunin 2025, ɓangaren da ya shafi harajin samun mutum ya fara aiki 1 ga Janairun 2026. Amma babu inda aka ce duk alat ɗin da ya shigo wayarki haraji ya hau kansa. Haraji yana kan samu ne, wato albashi, ribar sana'a, kuɗin haya da makamantansu. Kuɗin cefane da Maigida ke turo miki ba samu ba ne, kwasar adashe kuɗinki ne ya dawo miki, gudummawar biki ko suna kyauta ce, bashin da aka biya ki ba riba ba ne, haka shi ma kuɗin Yaya da ya bi ta akawun ɗinki ya wuce ba naki ba ne balle a ce ki biya a kansa. Shi kansa gidan gadon ba a lissafa shi a samunki, hayar da yake kawowa ce ake lissafawa.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafin naki na gaskiya da sabon tsari, dan na san rabin tsoron nan rashin sanin adadi ne. Albashinki a shekara miliyan 1 da dubu 800, ki ɗora ribar sana'a dubu 600 da kuɗin haya dubu 120, ya zama miliyan 2 da dubu 520. A cire fansho dubu 120 tunda doka ta yarda a cire shi kafin lissafi, saura miliyan 2 da dubu 400. Dubu 800 na farko babu haraji a kansu ko kwabo. Abun da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 kashi 15 cikin 100 ne, ke naki ragowar miliyan 1 da dubu 600 ne, harajinsa dubu 240 a shekara. A cikin wannan in dai makaranta na cirewa daidai, dubu 132 ya riga ya tafi daga albashi, wato dubu 11 duk wata, shi ne abun da suke kira PAYE. Kinga abun da ya rage a kanki dubu 108 ne a shekara, in kika raba dubu 9 a wata. Na san dubu 9 kuɗi ne a wannan zamanin, ban raina ba, amma ba irin kuɗin da zai sa mace ta kwana ido biyu ba ne, kuma in akwai wasu abubuwan da ake cire miki kamar inshorar lafiya ko asusun gidaje na ƙasa su ma ana sauke su, adadin ya ƙara raguwa. Akwai ma rangwamen kuɗin haya, kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum ke biya a shekara amma ba ya wuce dubu 500, sai dai wannan na wanda ya biya hayar ne da rasit a hannunsa, in Maigida ke biyan hayar gidanku toh shi zai amfana, ki faɗa masa dan da yawa ba su sani ba.

Amma ba zan ɓoye miki ba, tsoronki game da miliyan 15 ɗin nan yana da tushe. Jami'in haraji bai san Yaya ba, bai san tarihin gidanku ba, abun da zai gani shi ne sunanki da sitetmen ɗin banki. In ya ga miliyoyi suna shiga kuma babu wani bayani a rubuce, yana iya ɗauka ciniki ne kike yi kika ɓoye, ya yanka miki da ƙiyasi. Da za a ɗora miliyan 15 ɗin gaba ɗaya a kan samunki, lissafin zai haura zuwa matakin kashi 18 da na kashi 21, harajin ya wuce miliyan 3. Kin ga nisan da ke tsakanin dubu 240 da miliyan 3, kuma abun da ya raba su takarda ce kawai, shaidar da za ta nuna kuɗin na wane ne. Shi ya sa shirun da Yaya yake so ki yi, ke yake bari a fili.

Kuma ƙanwata akwai abun da ya fi haraji a wannan tsarin naku, ina so ki yi tunaninsa da kyau. Rai a hannun Allah yake. In yau ta Allah ta kasance a kanki, Allah ya ba ki tsawon rai, akwai miliyan 2 ko 3 na Yaya a akawun ɗin, a idon banki da kotu kuɗinki ne, magadanki su ne Maigida da 'ya'yanki da Hajiya, sai Yaya ya koma yana rantsuwa yana neman shaidu a kan dukiyarsa, a gidan makoki. In kuma shi ne ya riga ki, iyalansa za su zo suna tambayar nawa ya bari a wajenki, ko nawa kika faɗa sai wani ya yi zargin kin rage. Gidaje nawa suka watse a kan irin wannan? Sannan harkar hatsi harka ce ta saɓani, wani ya turo kuɗi kaya ba su je ba, ko buhu ya zo da algus, ko mota ta faɗi a hanya, mutumin da ke Legas ko Anacha bai san fuskar Yaya ba amma yana da lambar akawun da sunanki, in ya kai ƙara ke za a fara nema kuma akawun ɗin da albashinki ke shiga shi za a rufe. Wannan shi Maigida yake hangowa ko da bai iya faɗarsa da laushi ba.

Shi kuma Yaya, ban ɗauke shi mugu ba ko kaɗan. Mutumin da ya riƙe marayu ya yi wa ƙanwarsa karatu da kayan ɗaki ba zai tashi da niyyar jefa ta a matsala ba, shi a ganinsa aljihunku ɗaya ne, kuma abun ya yi masa sauƙi sai ya manta da cewa na wucin gadi ne. Tsoronsa na ofishin haraji ma ina fahimtarsa. Mutanenmu sun taso suna jin labarin haraji da jangali na da, yadda ake bi gida-gida ta hannun mai unguwa da dagaci, magidanci ya sayar da hatsinsa ko akuyarsa ko ya bar gari dan kar a wulaƙanta shi a gaban iyalinsa, har sai da gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar jihar Kaduna bayan ta hau a 1979. Wanda ya sha wannan labarin tun yana yaro, in ya ji kalmar haraji abun da ke zuwa ransa shi ne ƙwace. Ga kuma tambayar da kowa ke yi, in mun biya me ake mana da shi, wadda tambaya ce mai kyau kuma ya kamata a ci gaba da yi wa masu mulki ita. Sai dai duk wannan bai ba shi damar ya ajiye haɗarin kasuwancinsa a wuyanki ba. Alherin da ya yi miki ki riƙe shi har abada, ki saka masa ta kowace hanya, amma ba da sunanki a gaban hukuma ba.

Ki je ki same shi da kanki, a gidansa, lokacin da ya huta, ba ta waya ba kuma ba a gaban matansa ba. Kar ki buɗe da maganar haraji dan nan take zai toshe kunne. Ki fara da maganar gado, ki ce masa Yaya wallahi tsoro nake ji in mutu da dukiyarka a hannuna babu rubutu, bana so hakkinka ya bi ni kabari kuma bana so 'ya'yana su ci abun da ba nasu ba. Ɗan kasuwa musulmi zai ji wannan. In ya ce ashe ba ki yarda da shi ba, ki tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi take, Allah da ya san zumunci shi ya ce a rubuta. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Daga nan sai ki roƙe shi abu biyu. Ya sa hannu a wata 'yar takarda da za ta ce daga wata kaza na shekara kaza kuɗin cinikin hatsinsa yana bi ta akawun ɗinki, kuɗin nasa ne, ke ba ki da kaso, da shaidu biyu, in da hali a yi rantsuwar a kotu a buga hatimi. Sannan ku tsayar da rana, misali wata biyu, da zai gama gyara nasa. Gyaran suna tsakanin BVN da NIN ba wani abun a zo a gani ba ne, ana zuwa banki da ofishin NIMC, hukumar da ke bayar da NIN, da takardar rantsuwa, abun da yake ci shi ne zirga-zirga da layi, wanda shi ne mutum mai bin kasuwannin ƙauye ba ya da lokacinsa. Toh ki ce ke za ki raka shi, ko ki haɗa shi da wani ƙaninku mai wayo ya bi masa. Yana ma iya yin rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya buɗe akawun da sunan harkar, mutanensa na Kudu ma sai sun fi ganin girmansa.

Ki kuma kwantar masa da hankali da gaskiyar lissafi, domin ina kyautata zaton shi ma yana zaton a kan miliyan 15 ɗin za a yanka masa. Ba haka ba ne, ɗan kasuwa a kan riba yake biya, bayan an cire kuɗin saro kaya, kuɗin mota, dako, buhu, hayar sito, ladan dillali da na yaran da ke masa aiki. Mai juya miliyan 15 a hatsi ribarsa ta shekara tana iya zama ƙarama sosai a kan wannan adadin, kuma shi ma dubu 800 na farko kyauta ne. Wanda ba ya rubutu shi ake wa ƙiyasi, kuma ƙiyasi ba kasafai yake yi wa mutum daɗi ba.

In ya ƙi fa? Yana iya ƙi, ko ya yi fushi ya ce kin yi aure kin canza. Kar ki mayar masa da magana, ki ba shi haƙuri ki tashi, ki nemo wanda yake jin nauyinsa, kawunku ko baffanku ko limamin unguwarsu, ki yi masa bayani shi ya zaunar da shi. In duk an yi ya ƙi sa hannu, har yanzu kina da shaida, sitetmen ɗin kansa zai nuna kuɗi ya shigo yau gobe ya fita zuwa wajen Yaya ko wajen dillalansa, ga saƙonnin WhatsApp da yake ce miki an turo kaza ki tura wa wane, kar ki goge ko ɗaya, ki ɗauki hotonsu ki adana a wani wuri. Sannan ki sanar da shi cikin ladabi cewa daga rana kaza ba za ki ƙara karɓa ba, kuma ki tsaya a kan hakan. Fushin zai wuce in sha Allah, ɗan'uwa ne.

Maigida yana da gaskiya a manufa amma rufe akawun gobe ba dabara ba ce. Akwai kuɗin mutane da ke kan hanya, in kika rufe ba sanarwa kin jawo wa Yaya asara kuma kin ba shi hujjar cewa mijinki ne ya raba ku, wannan tabon yana daɗewa tsakanin surukai. Ga shi kuma tarihin akawun ɗin shi ne shaidarki, rufe shi a guje ana tsakiyar wannan magana sai ya yi kama da mai ɓoye wani abu. Ki zaunar da shi ki ce kin ji maganarsa kuma kin yarda, ga tsarin da kika yi ga ranar da abun zai ƙare, ki roƙe shi ya bar miki maganar Yaya a hannunki kar ya kira shi. Namiji in ya ga an ɗauki maganarsa da muhimmanci kuma akwai rana tsayayya yawanci yana sassautawa. Abun da za ki iya yi yau-yau dan ransa ya yi sanyi shi ne ki buɗe wani akawun daban ki mayar da cinikin atamfarki can, ki kai wa makaranta sabuwar lamba in kina so albashi ma ya koma, tsohon ya zama na Yaya kaɗai har ranar da kuka tsayar. Hajiya kuwa ba sai an kai mata lissafin miliyoyi ba, in ta ji ƙishin-ƙishin ki ce mata kuna gyara takardun banki ne ke da Yaya, wanda gaskiya ne, ki nemi addu'arta.

Ejan na dubu 40 kam a'a, ki bar shi. Takardar shaidar biyan haraji tana nuna samun mutum da abun da ya biya a shekara uku da suka wuce, tana da lamba kuma ana iya bincikarta. In ta bogi ya kawo miki, ranar da aka gano ba shi za a kama ba, ke da kika miƙa ta za a tuhuma, kuma takardar filin da kika gina a kanta ta shiga matsala. In ma ta gaske ce ya samo ta hanyar rubuta ƙarya a fom da sunanki, ƙaryar tana nan a fayil ɗinki tana jiranki. Tun 2016 dokar haraji ta jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗin haraji a hannu, ta banki ake biya ko ta shafinsu na PayKaduna a samu rasit, saboda haka duk wanda ya ce ki ba shi tsabar kuɗi ya je ya gyara miki, kin san inda aka dosa. In kina son mai taimako babu laifi, ki nemi akanta na gaske ki biya shi ladan aikinsa, amma harajin ki biya da hannunki, kuma kar ki sa hannu a fom ɗin da ba ki karanta ba.

Shirin takardun shi zai ɗan ci miki lokaci, ki ware asabar biyu ko uku. Ki karɓo sitetmen na shekara ukun a banki, ki zauna da biro kala uku, ki bi layi-layi kina alama, wannan albashi, wannan cinikina, wannan na Yaya, su cefane da adashe da gudummawa ki rubuta a gefe. Zai gundure ki amma daga ƙarshe za ki ga rayuwarki a fili kuma duk tambayar da aka miki kina da amsa. Na sana'a ki sayi littafi mai kauri ki riƙa rubuta abun da kika saro da nawa, kuɗin mota zuwa Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, kuɗin aike, data ɗin da kike talla da shi, da abun da kika sayar, na baya kuma ki haɗa iya abun da za ki iya daga sitetmen da hirarki da kwastomomi. Na haya ki samu rasit ko ɗan rubutu daga wanda ke karɓa yana rabawa. Duk waɗannan ki adana su aƙalla shekara shida.

Wajen makaranta ina so ki buɗe ido. Cirewa daban, kaiwa daban. Doka ta ce mai aiki ya tura abun da ya cire zuwa ranar 10 ga watan da ke biye, kuma ya shigar da bayanan ma'aikatansa na shekara kafin ƙarshen Janairu. Ki je wajen akantan makaranta da fara'a ki ce kina neman takardun albashinki da shaidar an tura harajinki saboda maganar fili, ba sai kin nuna kina zargin kowa ba. In suna turawa shikenan aiki ya yi sauƙi. In ya bayyana ana cirewa ba a kaiwa, wannan nauyin a kansu yake, takardar albashinki da ke nuna an cire ita ce kariyarki, sai dai ki bi abun da hikima tunda nan ne wajen cin abincinki, ki fara ba su dama su gyara.

Harajin samun mutum na jihar da yake zaune ne, ke naki na hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kaduna ne, KADIRS, suna da ofis a Zariya ba sai kin tafi Kaduna ba. Ki tafi da NIN ɗinki domin yanzu da shi ake haɗa lambar harajin mutum, ki ce kin zo shigar da bayanin samunki na shekara kuma kina neman takardar shaida. Wa'adin kowace shekara 31 ga Maris ne, ana bayar da bayanin shekarar da ta wuce. Sabuwar doka ta sa tara mai nauyi ga wanda bai shigar ba, dubu 100 a watan farko da dubu 50 duk watan da ya biyo, kinga tarar wata biyu ma ta fi dubu 108 ɗin da ya rage a kanki a shekara, dan haka daga yanzu ki sa wannan ranar a wayarki. Shekarun kafin 2026 da tsohon tsari za a lissafa su, wanda ake fara cire dubu 200 da kashi 20 cikin 100 na samu sannan a bi matakai daga kashi 7 zuwa 24, saboda haka adadin zai ɗan bambanta da wanda muka yi a sama. Tunda ba ki taɓa bayyana sana'a da haya ba akwai ɗan bashin baya, ki shirya ranki, kuma in ya miki yawa ki rubuta takarda ki nemi a bar ki ki biya kashi-kashi. Wanda ya kawo kansa da takardunsa a jere ba a masa kallon wanda aka kamo.

A fom samunki za ki rubuta, naki kaɗai, ba a ce ki je ki kai rahoton Yaya ba kuma ba wannan ya kai ki ba. In an nemi sitetmen aka tambayi manyan kuɗin nan, ki faɗi gaskiya a taƙaice, na ɗan'uwana ne ga takarda, kar ki ƙara kar ki rage, kuma kar ki yi ƙarya dan ki rufa masa domin daga lokacin laifin ya zama naki. Wannan ma ki faɗa wa Yaya tun kafin ki je dan kar ya ji daga sama. In suka yanko miki adadin da kika ga ba daidai ba ne, kina da kwana 30 daga ranar da takardar ta same ki ki rubuta ƙorafi ki haɗa da hujjojinki, ki tabbata an buga miki hatimin karɓa a kwafinki, kar ki tsaya ana ta magana da baki har kwanakin su wuce. In ba a daidaita ba akwai kotun sauraron ƙorafin haraji, amma da irin lissafinki ban ga abun zai kai can ba.

Wata 'yar magana a gefe tunda na san za ta zo miki, biyan haraji ba ya sauke zakka, in jarin atamfarki da ajiyarki sun kai nisabi shekara ta zagayo wannan lissafi ne daban, ki tambayi malami, littafin nan da za ki fara rubutawa zai miki amfani a nan ma.

Takardar fili za ta iya jinkiri da wata biyu ko uku saboda wannan hanyar, ki haƙura da hakan, filin yana nan. Wannan satin ki fara da abun da ke hannunki, sitetmen da sabon akawun da zama da Maigida, sai ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ki shirya ki je gidan Yaya, ki riƙe wa yaransa ɗan wani abu. In kun yi maganar ki sake rubuto min yadda ta kaya, musamman in ya ƙi sa hannu, sai mu duba wa ya kamata a saka a tsakani. Allah ya daidaita tsakaninku ya sa albarka a sana'arki.